Kwamfuta Biyu: Ɗaya Tana Gani, Ɗaya Tana Sa Hannu

Assalamu alaikum. Jama'a ku ɗan matso gaba, janareton maƙwabta yana cinye muryata. Na ga wasu tun daga Mile 12 da Idi-Araba suka taho nan Agege, sannunku da hanya.

Yau zancenmu a kan ajiyar Bitcoin da kwamfuta biyu ne, ɗaya mai intanet, ɗaya marar intanet. Bari in fara da zancen da na ji a bakin ƙofa. Wani ƙanina ya ce ya zo koyon haɗa nod ne don Bitcoin ya riƙa shigo masa kullum. Yi haƙuri, nod ba ta biyan ko sisi. Masu haƙa, wato masu samar da sabon Bitcoin, ake biya, kuma injinansu daban ne. Nod kwamfuta ce da ke tantance kowane cinikin Bitcoin da kanta, tun daga bulo (wato ƙunshin cinikayya) na farko na 3 ga Janairun 2009. 'Yan canjin da ke cikinmu sun san bambancin wanda ya ƙirga kuɗinsa da wanda aka ce masa "sun cika". Waɗanda suka bar dukiyarsu a hannun FTX, kamfanin canjin irin waɗannan kuɗaɗen, sun ji a jikinsu da ya durƙushe a Nuwamban 2022.

To, kwamfutar farko ita ce mai intanet. A kanta za ka sauke Bitcoin Core, manhajar nod ɗin, daga shafinsa na asali, ba daga wanda aka turo maka a WhatsApp ba, ka gwada lambar fayil ɗin da wadda ke cikin SHA256SUMS, jerin lambobin tantancewa da ke shafin. Idan ba su zo ɗaya ba, goge shi. Kundin da ya tara duk cinikin Bitcoin ya haura gigabait 600, don haka nemi SSD, wato ma'ajiyar bayanai mai sauri, gara mai terabait 2. In Computer Village za ka je a Ikeja, a jona maka shi ka gani kafin ka biya. Akwai tsarin datsewa da zai iya rage ajiyar bulo har zuwa megabait 550, amma kada ya ruɗe ka: sai ka sauke kundin gaba ɗaya, ita dai tana share tsoffin bayan ta tantance. Datar waya ba za ta ɗauki wannan ba. Ga kuma wuta. Ni kaina an taɓa ɗauke min ita ana tsakiyar aiki, bayanan suka lalace, na koma sake jerawa kwana da kwanaki. Tun daga nan laftof nake sa wa, saboda batirinta, ko in haɗa da inbata.

Ta biyu ce ta fi muhimmanci, kuma tsohuwa ma ta isa. A cire mata katin Wi-Fi, a sa mata manhajar ta filashi, kada ta sake ganin intanet har abada. A cikinta ake ƙirƙirar walat, wato asusun Bitcoin ɗinka, a cikinta makullin sirri, wanda da shi ake sa hannu a fitar da kuɗi, zai zauna. Ba ta buƙatar kundi ko kaɗan. Abin da za ka kai wa mai intanet shi ne bayanan makullin fili kawai, wanda ba ya sa hannu, sai ta zama mai gadi: tana ganin abin da ya shigo, ba ta iya fitar da komai.

Idan za ka biya wani, mai intanet ta rubuta takardar ciniki marar sa hannu, ana kiranta PSBT. Ka ɗauke ta a filashi zuwa ɗayar, ka karanta adireshi da adadi a fuskarta, harafi bayan harafi, domin akwai ƙwayar cutar da ke musanya adireshi a ɓoye. Ta sa hannu, ka mayar, mai intanet ta watsa. Kusan kowane minti 10 ake samun sabon bulo.

Na'am, Alhaji? In marar intanet ɗin ta ɓace ko ta mutu? Shi ya sa ake kwafe fayil ɗin walat a filashi biyu, da kalmar sirri, a ajiye a wurare daban-daban. Kuma ka gwada dawo da shi da ɗan kuɗi kaɗan tukuna.

Ga kiran la'asar nan. In mun dawo, mai sukundireba ya zo da ita, za mu buɗe wannan tsohuwar laftof.