Sharhi: Kukan masoya NASCAR kan ƙananan filayen tsere

Jama'a masu sauraro, a tseren motoci na NASCAR da ake yi a Amurka akwai wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tun shekarar 2022. 'Yan kallo suna cewa ƙananan filaye, irin su Martinsville a jihar Virginia da Bristol a jihar Tennessee, sun rasa armashinsu. Wasu na ɗora laifin a kan filayen, wasu na cewa direbobin yanzu ba su da zuciyar na da. A ganina kukan gaskiya ne, amma motar da tayarta ya kamata a tuhuma.

Zagayen Martinsville bai wuce rabin mil da 'yan kai ba. Layuka biyu ne miƙaƙƙu, da kwana biyu masu matsi waɗanda kusan a kwance suke. A da, direba kan taka birki da ƙarfi kafin kwana, ya lallaɓa totur wajen fita, domin injin da ya haura ƙarfin doki 800 zai sa tayoyin baya su yi ta juyawa a banza idan aka danna shi gaba ɗaya. Wanda ya yi garaje zai ƙone birki ko ya cinye taya, bayan zagaye hamsin ko sittin na bayansa ya sha gabansa. Wannan bambancin hannu shi ne mutane ke biyan kuɗi su kalla.

Sabuwar motar da ake kira Next Gen, wadda aka fara tsere da ita a 2022, ta toshe kusan duk waɗannan kafofin. An tsayar da ƙarfin injinta a doki 670. An sauya wili daga na ƙarfe mai inci 15 da noti biyar zuwa na alminiyam mai inci 18 da noti ɗaya a tsakiya, tayar ta ƙara faɗi, riƙon ƙasa ya ƙaru. Birkin ya girma, saboda haka kowa na iya jinkirta takawa har bakin kwana. Giya kuma ta koma biyar a jere. Nan ne babbar ɓarnar: direban da ya yi kuskure a kwana zai sauke giya ɗaya, injin ya sake ɗaukar wuta, ya tsere kafin na baya ya amfana. Ga shi kuma yawancin sassan motar daga masu ƙera iri ɗaya kowace ƙungiya ke saye, don haka gudun mota ta farko da ta ashirin kusan ɗaya ne. Sai matsalar iska. Motar na samun riƙo daga iskar da ke bi ta ƙarƙashinta, kuma da zarar ta matso bayan wata, iskar ta hargitse, goshin motar ya ƙi bin sitiyari. A tseren Martinsville na watan Afrilun 2022, sau biyar kacal jagoranci ya sauya hannu a zagaye sama da 400.

Abin mamaki, motar nan ita ce ta farfaɗo da filaye masu mil ɗaya da rabi, waɗanda a da ake yi wa kallon masu sa gyangyaɗi. A Kansas, cikin watan Mayun 2024, Kyle Larson ya riga Chris Buescher ƙetare layi da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Can filin na da faɗi, mai neman wucewa zai iya hawa sama kusa da bango ya sami iska mai tsabta. A Martinsville layi ɗaya ne mai kyau, kuma na gaba ya riga ya zauna a kai.

Hukumar NASCAR ta fara gyara ta fuskar iska. A 2023 ta rage faifan da ke tsaye a bayan motar daga inci 4 zuwa 2 a yawancin ƙananan filaye, amma sauyin bai taka kara ya karya ba.

Amsar ta fito ne ba shiri a Bristol, a watan Maris na 2024. Daben filin na kankare ne, kuma ranar robar tayoyin Goodyear ta ƙi manne masa, sai ta riƙa zubewa kamar gari. Tayoyi suka riƙa ƙarewa cikin zagaye arba'in zuwa hamsin. Dole direbobi suka koma lissafi, kowa na auna yaushe zai matsa, yaushe zai sassauta. Jagoranci ya sauya sau 54, kuma Denny Hamlin, wanda ya taso a ƙananan filayen Virginia inda ake koyon tattalin taya, shi ya yi nasara. Da aka dawo filin a watan Satumba cikin yanayi mai ɗumi, robar ta manne, taya ta daina cinyewa, Larson ya jagoranci zagaye 462 cikin 500. Fili ɗaya, mota ɗaya, direbobi kusan duk su ne, tseren kuwa ya sha bamban.

Saboda haka ban yarda da masu cewa a rage wa ƙananan filaye ranaku ba, kamar yadda ƙaramin filin Richmond na Virginia ya rasa tsere ɗaya a 2025 aka kai shi birnin Mexico. Abin da ake bukata shi ne taya mai laushi wadda gudunta zai ragu a hankali, ba tare da ta fashe ba, domin fashewar tayar gaba ta dama a kwanar Bristol kai tsaye bango take kai mutum. Ana kuma bukatar ƙarin ƙarfin inji. Hukumar ta sanar da ɗaga shi zuwa doki 750 a 2026 a filayen da ba su kai mil ɗaya da rabi ba. Ƙarin doki 80 zai taimaka wajen cinye tayar baya, sai dai muddin direba na iya sauke giya ya gyara kuskurensa a Martinsville, na bayansa zai ci gaba da jira.