Kwana a Kaduna, aiki a Abuja: inda lissafin awa biyu yake karyewa

Jama'a, kwanan nan tambaya ɗaya ce take ta shigo mana: tunda kuɗin haya a Abuja ya fi ƙarfin albashi, me zai hana mutum ya bar iyalinsa a Kaduna, ya riƙa sammako a jirgin ƙasa, ya yi aikinsa ya dawo ya kwana gida? Ai tafiyar awa biyu ce, in ji masu tambayar. To mun bi hanyar da ƙafarmu, ku ga yadda take.

Nan Rigasa ce, tashar jirgin ƙasa ta Kaduna, gari bai gama wayewa ba. Layin dogon nan kilomita 186 ne, an buɗe shi a watan Yulin 2016. Bayan harin da 'yan bindiga suka kai masa ranar 28 ga Maris 2022 jirgin ya tsaya har zuwa Disamban shekarar, kuma tun dawowarsa tikiti yana tafiya ne da lambar katin ɗan ƙasa. Kuna ganin layin bincike, kuna ganin mai shayi ya riga kowa zuwa. Ka sayi tikitinka ta waya tun da wuri, ka zo da katinka, ka shiga. Wannan kowa ya sani, mu wuce.

Cikin tarago kuwa sai hamdala. Sanyi, kujera, ba shingen hanya, ba tirela a gabanka. Wannan malamin yana lazimi, waccan baiwar Allah ta buɗe kwamfuta tana aikin ofis, sauran kowa yana biyan bashin barci. Ni dai a duk ranar ba inda na fi so kamar nan, lokacin da rana take fitowa ta kan duwatsun Jere.

To ga inda ake kuskure, kuma a nan za mu ɗan zauna.

Awa biyu da 'yan kai ɗin nan da ake faɗa, daga tasha ne zuwa tasha. Babu mai kwana a tasha, babu kuma wanda ofishinsa yake kan dogo. Mutumin Kawo ko Barnawa sai ya keta gari kafin ya kai Rigasa, kuma dole ya isa da sauran lokaci saboda bincike. Ka ga tun jirgi bai motsa ba awa guda ta tafi, wani ma fiye.

Sannan layin ɗaya ne tal. Jirgin da ya taso daga Abuja da wanda ya taso daga Kaduna ba sa wuce juna sai a tasha, inda aka yi wurin kaucewa. In ka ga an tsaya a wata ƙaramar tasha babu mai hawa babu mai sauka, sau da yawa ɗan'uwansa yake jira. Idan ɗaya ya makara, ya ja ɗayan.

Ga kuma babbar: Idu, tashar ƙarshe a Abuja, ba cikin gari ba ce. Tashar tana can bakin gari, unguwar masana'antu. Wanda aikinsa yake Sakatariyar Tarayya ko Wuse ko Garki, sabuwar tafiya ce ta same shi, ko a tasi, ko a jirgin cikin gari da aka sake buɗewa a watan Mayun 2024, wanda shi ma da lokutansa. Wasu sukan sauka Kubwa tun kafin Idu, sai su faɗa cunkoson safe na babban titin Kubwa. Kowanne ka zaɓa, ka ƙara wani abu a lissafi. Haɗa duka, daga ƙofar gida zuwa teburin aiki abin yana dosar awa huɗu. Dawowa ma haka.

Kuma yamma ta fi safiya wuya. Da safe kai kake da ikon tashi da wuri. Da yamma kuwa maigidanka ne yake da ikon sakinka. Jiragen 'yan kaɗan ne a rana, ba kamar motar tasha ba da in wata ta cika wata take shigowa layi. A ce ana shirin tashi sai a kira taro: “Malam, ɗan dakata, minti goma ne.” Wannan minti goman na iya zama kwana a ɗakin aboki a Kubwa, ko hawa motar haya cikin dare a hanyar da ka gudo wa tun farko. Wallahi duk wanda ya taɓa zama a taro idonsa na kan agogo, zuciyarsa na Idu, ya san abin da nake faɗa.

Shi ya sa galibin waɗanda muka zanta da su ba kullum suke yi ba. Su tafi Litinin, su samu ɗan ɗaki ko su raɓa da ɗan'uwa, su dawo Juma'a. A ranakun nan biyu ne ma tikiti ya fi saurin ƙarewa, don haka kada ka bari sai ranar. A ganina, kullum-kullum ba ta yiwuwa sai ga wanda wurin aikinsa ya yarje masa ya zo kwana biyu ko uku a mako.

Ga mu mun dawo Rigasa. An yi isha, masu Keke Napep sun yi cincirindo a bakin ƙofa, kowa na kiran unguwarsa. Wannan bawan Allah mai jakar baya ya tsaya sayen tsire, ya ce na yara ne, ko da yake ya san kafin ya isa sun yi barci. Da safe za su tarar.