Constantia, kwarin inabi a bayan Dutsen Table

Jama'a barkanmu da warhaka, yau Afirka ta Kudu muka nufa, wani kwari da ake kira Constantia, daga tsakiyar Cape Town ba wata tafiya ba ce a mota.

Kun ga layukan inabin nan da suka hau gangaren dutse? A 1685 Simon van der Stel, shugaban Turawan Holan a Cape, ya samu filin nan ya kafa gonar Groot Constantia. Giyar inabi mai zaƙi da ake yi a kwarin ta yi suna har Turai, kai har Napoleon, tsohon sarkin Faransa, da yake tsare a tsibirin St Helena ana kai masa ita. Farin babban gidan gonar kuwa yanzu gidan tarihi ne, ana shiga a ga kayan zamanin da.

To amma wa ya yi noman? Bayi ne, waɗanda aka kwaso daga Madagaska da Mozambik da Indiya da tsibiran Indonesiya, su ke haƙa, su ke datse rassa, su ke tsinkar inabi cikin zafin Fabrairu. An soke bauta a 1834 amma sai 1838 aka sake su da gaske, bayan nan kuma aka ci gaba da tsarin dop inda ake biyan lebura wani ɓangare na ladansa da giya, abin da ya jefa gidaje da yawa cikin shaye-shaye har jikoki, wallahi wannan yana min ciwo matuƙa.

Yanzu ku duba nan, gefen gonar Klein Constantia. Wannan hubbaren Sheikh Abdurahman Matebe Shah ne, Holan suka kamo shi daga Sumatra a shekarun 1660 suka yi masa ɗaurin talala a nan. Ba nisa a Islam Hill akwai na Sayed Mahmud, tare aka kawo su. Musulmin Cape har yau suna zuwa ziyara, musamman maniyyata kafin su tashi aikin Hajji.

Don haka in Allah ya kai ka, ba sai ka leƙa ɗakin ɗanɗana giya ba, fara da hubbaren, ka zaga gidan tarihin, sannan ka wuce lambun Kirstenbosch da aka buɗe a 1913, yana nan kusa. Girbi daga Janairu ne zuwa Maris, ka riƙe hula da ruwan sha don ranar ba ta wasa ba ce.