Matan da suka riƙe takobi a filin wasan Rumawa: me ya faru da gaske?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau maganar littattafan matasa za mu yi, irin waɗanda ake ɗauko yarinya 'yar shekara sha shida ko sha bakwai, a kamo ta daga garinsu a sayar da ita a Rum, a miƙa mata takobi da garkuwa a ce ta shiga fili ta yi faɗa dubban mutane suna kallo suna ihu. Mutane da yawa in sun karanta sai su ce ai ƙirƙira ce kawai. To a'a fa, matan nan an yi su.

Bari mu fara da dutse. A garin Halikarnasus, wato Bodrum ta Turkiyya a yau, an samo wani sassaƙen dutsen marmara wanda yanzu yake gidan tarihi na Birtaniya a Landan. Mata biyu ne a jiki sun fuskanci juna, kowacce da garkuwa da gajeren takobi, ƙafa a kafe, kai babu kwalkwali. An rubuta sunayensu na wasa a ƙasa, Amazon da Akiliya, a sama kuma an rubuta cewa an sallame su. Ma'ana faɗan ya yi zafi har aka tsayar, kowacce ta fita da ranta. Ku duba fa, wani ya biya kuɗi aka sassaƙa wannan don kar a manta da su.

Sai doka. A shekara ta 19 miladiyya, zamanin sarki Tiberiyus, majalisar dattawan Rum ta hana 'ya'ya mata da jikokin sanatoci da na manyan gari shiga filin wasa, kuma ai ba a kafa doka kan abin da ba a yi. Duk da haka marubucin tarihi Tasitus ya yi ta takaicin yadda matan manyan gida suka shiga fili a shekara ta 63, zamanin sarki Nero. A shekara ta 66 kuwa, a garin Futewoli na Italiya, an shirya wa sarkin Armeniya Tiridates wasa, marubucin tarihi Kasiyus Diyo ya ce ranar 'yan Habasha kaɗai aka shigar, maza da mata har da yara, kuma su Rumawa duk baƙar fatar Afirka haka suke kiransa. Wannan wurin yana taɓa min zuciya gaskiya, yara ƙanana an rabo su da gida don a burge baƙo. Sarki Domishiyan shi kuma da daddare yake sa matan su yi faɗa da hasken wutar jiniya.

To ina matsalar take? Duk waɗannan bayanan maza ne suka rubuta, yawanci cikin raini ko jin kunya. Mawaƙi Jubenal zagi ya yi ta yi wa matar da ke koyon sara a jikin turken katako tana nishi a cikin kwalkwali. Babu wasiƙa ko waƙa ko jimla ɗaya da ta zo mana daga bakin su matan. Wannan giɓin ne marubutan littattafan matasa suke cikewa, su ba ta suna da uwa da ƙawa da tsoro, kuma ni dai ina ganin aiki ne mai kyau in an yi shi da amana.

Amma in kana karantawa ka lura da wasu abubuwa. Ba kowane faɗa ake mutuwa ba, don mai makarantar horon kuɗi ya zuba, ya ciyar ya yi magani, ba ya son asarar dukiyarsa, akwai ma alƙalin wasa a fili da sandarsa kamar dai yadda ake raba 'yan dambe. Abincinsu kuma ba nama ne kullum ba, sha'ir ne da wake. Sannan wasu littattafan suna kai labarin zamanin Juliyas Kaisar wanda aka kashe shekara 44 kafin miladiyya, alhali shaidun da ake da su a hannu daga bayansa ne, ita kanta Kolosiyam, babban filin wasan birnin Rum, sai shekara ta 80 aka buɗe ta. Kuma in littafi ya nuna maka fili a matsayin hanyar 'yanci mai daɗi, ka tuna yawancin masu wannan sana'a bayi ne ko fursunoni, a dokar Rum ma mutuncinsu a zube yake ko da sun yi suna.

A shekara ta 200 sarki Seftimiyus Seberus, haifaffen Leftis Magna a Libiya ta yau, ya haramta wa mata faɗan gaba ɗaya. Diyo ya ce abin da ya jawo shi ne bayan wata gasa da mata suka fafata sosai, 'yan kallo suka fara jifan matan manyan gari da baƙar magana, daga nan aka rufe ƙofar ga kowace mace, baiwa ce ko 'ya.