Jan layi daga Takoma zuwa Tenleytown: makaɗan da suka riƙe kayansu

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau Asabar, babu aiki, ga ni a bakin tashar jirgin ƙasa ta Takoma, daidai iyakar birnin Washinton da jihar Merilan. Ƙanena ne riƙe da kyamara. Jirgin da za mu hau shi ne wanda ake kira jan layi, kuma a kan wannan layi ɗaya akwai wurare uku da suka shafi makaɗan da na daɗe ina son ba ku labarinsu. Ba na manyan filayen wasa ba ne. Mutane ne da suka yi kiɗa da jita, wasu a hankali irin na gargajiyar talakawan ƙasar nan da suke kira fok, wasu da ƙara da tsawa irin na rok, ba tare da sun jira wani babban kamfani ya ce musu ku zo ba.

Bari in faɗa muku abin da ya ja ni. Ina da kawu a ƙauyenmu, can ƙasar Sakkwato, Allah ya jiƙansa, mai kiɗan gurmi ne. Wani ya taɓa zuwa da rikoda ya ɗauki waƙoƙinsa a wajen biki. Bayan 'yan watanni muka ji muryarsa tana tashi a kasuwa daga rumfar mai sayar da kaset, babu sunansa a jiki, kuma ko kwabo bai shigo hannunsa ba. Ina yaro lokacin, amma ban manta yadda ya tsaya ya saurari kansa ya yi shiru ba. Tun daga nan duk inda na ji labarin makaɗi, abin da nake fara tambaya shi ne: sunan wa ke jikin faifan, kuma wa ya yanke farashi?

To, ku dubi wancan titi mai itatuwa. Da ka tsallaka ka shiga Takoma Park, inda John Fahey ya tashi. An haife shi a 1939. Yana saurayi ya kamu da son tsofaffin faifan garmaho na baƙaƙen fatan kudancin Amurka, har yakan bi gida-gida yana ƙwanƙwasa ƙofa yana tambaya ko akwai tsohon faifan da ba a so. Daga su ya koyi hannu. A 1959, da kuɗin da ya tara yana aikin zuba mai a gidan mai, ya buga faifansa na farko, kwafi 100 kacal, ya raɗa wa ɗan kamfaninsa sunan unguwarsu, Takoma. Sai da ya yi shekaru kafin ya sayar da su.

Kiɗansa ba murya a ciki, jita ce mai tsirkiyar ƙarfe ita kaɗai. Babban yatsa yana tafiya a kan tsirkiyoyi masu kauri, dum, dum, kamar mata biyu suna luguden daka, sauran yatsun suna ɗora zance a sama. Yakan sauya ɗaurin tsirkiyoyin yadda jitar za ta riƙa amo ko bai danne komai ba, ya haɗa kiɗan bulus na baƙaƙen fatan Amurka da na coci da abin da ya ji wajen makaɗan Indiya da na Turai, ya ja waƙa ɗaya ta yi tsawo har ka manta inda aka faro. Ran da na fara jinsa a mota, Ɗanmaraya Jos ne ya faɗo mini a rai: mutum ɗaya, kayan kiɗa ɗaya, ba 'yan amshi, amma wurin ya cika.

Akwai abu ɗaya da ya yi da nake girmama shi a kai. A 1963 ya rubuta kati ya aika gidan waya na garin Aberdeen a jihar Misisipi da sunan wani tsohon makaɗi, Bukka White, wanda duniya ta manta da shi, don kawai ya ji sunan garin a cikin waƙarsa. Katin ya isa hannun dangi, aka gano mutumin yana Memfis, Fahey ya je ya ɗauki sabon kiɗansa ya fitar a Takoma. Tsoho ya koma kan dandamali. Shi kuwa Fahey, ƙarshensa bai yi daɗi ba. Ya sayar da kamfanin a 1979, ciwo da giya suka ci ƙarfinsa, ya yi zaman ƙananan masaukai a garin Salem na jihar Oregon yana tsintar tsofaffin faifai a shagunan gwanjo yana sayarwa don ya ci abinci. Ya rasu a 2001. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ɗauka cewa cin gashin kai a sana'ar kiɗa hanya ce mai shimfiɗa.

Ga jirgi nan ya iso. Mu shiga.

Muna ciki yanzu, za mu ratsa tsakiyar birni mu fito ta arewa maso yamma. Tafiyar da ɗan tsawo, shi ya sa na ajiye labarin da ya fi taɓa ni don in ba ku a zaune. Labarin Elizabeth Cotten ne. Baƙar fata ce, an haife ta a 1893 a jihar Karolina ta Arewa. Tun tana ƙaramar yarinya ta bar makaranta ta shiga aikatau a gidajen turawa, da ladan aikatau ɗin aka saya mata jita ta dala 3 da santi 75. Bahaguwa ce, kuma babu wanda ya koya mata. Sai ta ɗauki jitar 'yan dama ta juya ta ƙasa ta koma sama, ba ta sake jera tsirkiyoyin ba. Kun ga abin da ya faru ke nan: tsirkiyoyi masu kauri suka koma ƙasa, sirara suka hau sama. Abin da kowa ke yi da babban yatsa, ita da ɗan ali take yinsa, zancen waƙar kuma babban yatsa ke fitar da shi. Shi ya sa sautinta yake da laushi, mai zagaye, ba ya tsinke. Har yau masu koyon jita a duniya suna kiran wannan hannu da sunanta.

Tana wajen shekara 11 ko 12 ta tsara waƙarta ta jirgin kaya, "Freight Train", saboda jirgin da take ji yana wucewa kusa da gidansu. Daga baya ta yi aure, ta haihu, ta ajiye jita shekaru masu yawa. Ta zo nan Washinton tana aiki a wani babban kanti. Wata rana wata yarinya ta ɓace wa uwarta a cikin kantin, Cotten ta tsince ta ta mai da ita. Uwar ita ce Ruth Crawford Seeger, mai tsara kiɗa, yarinyar kuma Peggy Seeger. Haka ta samu aikin gida wajen iyalin Seeger a Chevy Chase, tasha ɗaya gaba da inda za mu sauka, gidan da kowa makaɗi ne. Tana wanki tana girki, har ran da ta sauko da jitar da ke rataye ta taɓa, yaran gidan suka ji abin da ba su taɓa ji ba.

Ku saurari wannan wurin da kyau. Peggy ta tafi da waƙar jirgin nan Ingila tana rerawa. A 1957 waƙar ta yi tashe a can a bakin wasu mawaƙa, kuma wasu mutane daban suka rubuta sunansu a matsayin masu ita. Matar da ta tsara ta tana nan tana goge-goge a gidan mutane. Sai da iyalin Seeger suka tsaya mata kafin sunanta ya koma kan kayanta. Da na karanta wannan sai na ga kawuna tsaye a bakin rumfar mai kaset. Bambancin kawai, ita ta samu masu tsaya mata.

Mike Seeger, yayan Peggy, ya ɗauki kiɗanta da rikoda a ɗakinta, aka fitar da faifan a 1958 a kamfanin Folkways, lokacin ta haura shekara 60. Ta ci gaba da hawa dandamali har tsufa tukuf, ta karɓi Grammy, babbar kyautar kiɗa ta Amurka, a 1985 tana da shekara sama da 90, ta rasu a 1987. Shi ma Folkways ɗin ƙaramin kamfani ne, Moses Asch ya kafa shi a 1948, ya fitar da faifai sama da 2,000, kuma ƙa'idarsa ita ce ba ya janye faifai daga kasuwa don ba ya ciniki. A 1987 cibiyar Smithsonian ta nan birnin ta karɓi kayan bisa sharaɗin za a ci gaba da samun kowanne.

Tenleytown ke nan. Mu fita.

Wannan fili mai ciyawa da kuke gani, da hasumiyar can mai kama da ta gidan sarauta, shi ne Fort Reno, tudu mafi tsawo a Washinton. Tun 1968 ake yin wasan kiɗa kyauta a nan lokacin zafi. Ga ɗan dandamalin can, ba wani ado. A kansa ƙungiyar Fugazi ta sha yin wasa, dubban mutane suna tsaye a ciyawar nan.

Labarinsu ya faro a 1980. Wasu samari 'yan sakandare, cikinsu akwai Ian MacKaye da Jeff Nelson, ƙungiyarsu ta watse, aka bar musu dala 600 da suka tara daga wasanni. Maimakon su raba, sai suka buga ƙaramin faifai kwafi 1,000, suka zauna da almakashi da gam suna yanka kwalin suna liƙawa da hannu. Haka kamfanin Dischord ya samu. Yana nan har yau, makaɗan yankin Washinton yake fitarwa, ba ya sa su sa hannu a takardar yarjejeniya, magana ce da musafaha, riba kuma a raba biyu.

Fugazi sun fara wasa a 1987, su huɗu suka zama: MacKaye da Guy Picciotto a jita da murya, Joe Lally a jitar bes, Brendan Canty a ganguna. Wanda bai saba ba zai ce hayaniya ce. Ni ma da farko haka na ji, sai da na kasa kunne wajen bes ɗin. Yana tafiya a natse, da nauyi irin na kiɗan rege, jitocin biyu kuma ba sa maimaita juna, ɗaya na sara ɗaya na saƙa. Sai su taru su yi tsawa, sai kuma kwatsam su tsaya cak, shiru, ka ji numfashin jama'a, sannan su afko tare. Ba sa rubuta jerin waƙoƙi kafin su hau, da ido da motsin hannu suke gane wadda za ta biyo.

Amma abin da ya sa na kawo ku nan ba sautin ba ne kaɗai. Sun yi wasa sama da 1,000, kuma yawanci kuɗin shiga dala 5 ne, ko bayan da suka yi sunan da za su iya ninka shi sau da yawa. Sun ƙi yin wasa inda za a hana yara shiga. Ba sa sayar da riguna ko huluna masu sunansu. Manyan kamfanoni sun neme su, suka ce a'a. MacKaye ba ya shan giya, kuma sun ƙi hira da mujallun da ke tallan giya da taba. Idan wani ya fara bangazar mutane a gaban dandamali, sai su tsai da kiɗa, a miƙa masa dalarsa 5 a nuna masa ƙofa. Wasanninsu na cikin Washinton kuwa, ko dai kyauta ne ko kuɗin ya tafi wajen taimakon marasa galihu. Wasansu na ƙarshe a Landan suka yi shi a watan Nuwamban 2002, daga nan suka dakata.

Ƙanena ya tambaye ni ɗazu a jirgi, ya ce, "Yaya, to da me suka ci abinci?" Amsar ita ce yawan tafiya da ƙarancin masu cin rabo. Su ke shirya tafiyarsu, su ke loda kayansu a mota, babu manaja, babu dillali a tsakani. Dala 5 sau mutum dubu, dare bayan dare, in ba a yanka ta gida goma ba, tana riƙe mutum huɗu da masu taimaka musu. Wahala ce sosai, kuma ba kowa zai iya ba, na yarda. Ni dai na fi ganin mutuncin wannan a kan na wanda hotonsa ya cika gari alhali waƙoƙinsa mallakar wani ne.

Kafin rana ta faɗi, bari in kunna muku wani abu daga wayata, don zancen bai tsaya a Amurka ba. Kun ji jitar nan? Mdou Moctar ne, Buzu daga jihar Tahoua a Nijar. Shi ma bahago ne kamar Cotten, kuma jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta da katako da wayar birkin keke. Faifansa na farko a garinmu Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da na'urar gyaran murya irin wadda mawaƙan Hausa suke amfani da ita lokacin. Babu kamfanin da ya raba shi. Daga waya zuwa waya ya yi tafiya, ta bulutut da katin memori, har wani Ba'amurke mai ƙaramin kamfanin Sahel Sounds, Christopher Kirkley, ya ji waƙar a wayoyin mutane, ya bi sawu ya nemo mai ita. A 2021 faifansa ya fito a Matador, kamfani mai zaman kansa a New York, kuma yanzu turawa na cika ɗakunan wasa suna tsalle da waƙar Tamashek, harshen Buzaye, da ba su jin ko kalma ɗaya a cikinta. Ku ji yadda yake gudu a kan tsirkiya da ɗan ali, gangar kuma tana ƙara sauri kamar raƙumi ya saki ƙafa.

Bari in ƙara sautin kaɗan, tunda filin babu kowa sai mu da wancan mai yawo da kare. Ɗan matso da kyamarar kan dandamalin, ƙanena, su gan shi sosai. Idan an gama wannan waƙar za mu gangara tasha, magariba ta kusa, kuma akwai sauran tafiya kafin mu isa gida.