Daren da Na Kwana a Shagon Taya

(An kwafo wannan lacca ne daga faifan wani taron matasa da aka yi a Gusau. Mai jawabin malamin makaranta ne da ya yi ritaya.)

Assalamu alaikum. Iyayena da ke nan gaba, 'yan uwa, da ku samari da kuka tsaya can baya kamar masu jiran a ce ku gudu, ku matso, akwai kujeru.

An ce in yi magana a kan haɗin kan ƙasa. Ni kuwa ba ni da wani dogon nazari, labarin wani dare ɗaya kawai nake da shi, sai abin da ya biyo bayansa.

Ranar Juma'a 20 ga Janairu 2012 ina Kano. Littattafai na je sayowa, bayan la'asar kuma na biya wajen Farm Centre a duba mini waya. Misalin ƙarfe biyar na yamma sai muka ji wata ƙara da ta girgiza ƙasa. Wani yaro kusa da ni ya ce taransifoma ce. Bai rufe baki ba aka sake, sannan harbi ya ɓarke ta ko'ina. Daga baya ne muka ji cewa a lokaci guda aka afka wa hedikwatar 'yan sanda ta shiyya ta ɗaya, da ta Bompai, da ofishin jami'an farin kaya, da ofishin fasfo da ke nan kusa da inda nake tsaye. Boko Haram ta ce ita ce. Hukuma ta ce mutum 185 suka mutu. Amma a wannan lokacin ba wanda ya san haka, kowa ta kansa yake yi. Na jefar da kwalin littattafan, takalmina ɗaya ya fita, ban waiwaya ba.

Ina cikin gudu sai wani ya fizgo hannun rigata. Inyamuri ne, ƙato, mai sayar da tayoyi. Ya ce, "Malam, shigo ciki!" Ya ja ƙofar ƙarfe ya rufe. Mu bakwai muka tsinci kanmu a shagon, har da wata mata mai tallan gyaɗa da jariri a bayanta. Duhu, ga warin roba, ga sanyin Janairu yana shigowa ta ƙasan ƙofa. Da magariba ta yi, shi ne ya duba agogo ya ce, "Lokacin sallarku ya yi fa." Ya yage kwali ya shimfiɗa mana, ya miƙo ledojin ruwa muka yi alwala a lungu. Muna sallah, shi yana durƙushe bayan tayoyi yana tasa addu'ar. Burodi ɗaya da gwangwanin kifi biyu muka raba. Wayata tana wurin mai gyara, don haka da tasa na kira mahaifiyata a Tudun Wada, Allah ya jiƙanta. Da ta ji muryata ta kasa magana, can sai ta ce, "Ba ni mai wayar." Na ba shi. Ta yi ta sa masa albarka da Zamfarancinta, rabi bai gane ba, yana ta cewa "Amin Mama, amin Mama."

An sa dokar hana fita ta awa 24, sai ranar Lahadi aka sassauta. Da na fito, abin da na gani a kan tituna ba zan faɗa ba saboda akwai yara a nan. Ɗakin ajiye gawa na asibitin Murtala ya cika har ya tumbatsa. Cikin mamatan har da wani matashin ɗan jarida na gidan talabijin na Channels, Enenche Akogwu, ɗan Binuwai, yana bakin aikinsa aka harbe shi. Marigayi Sarki Ado Bayero, wanda mutane suka sani da dakiya, sai da ya zubar da hawaye.

To, ku samari ba ku san irin yanayin da ƙasar take ciki a watan nan ba. Ranar 1 ga Janairu gwamnatin Jonathan ta cire tallafin mai, lita ta tashi daga naira 65 zuwa wajen 141. Na ji wasu suna dariya. Eh, a kan 141 muka rufe ƙasa, kuma aka dawo da ita 97. A zanga-zangar nan ce a Kano Kiristoci suka yi da'ira suna gadin Musulmi masu sallah, Musulmi kuma suka je coci-coci a Sabon Gari ranar Lahadi. Kuma ba a yi wata ɗaya ba da tashin bam a cocin Madalla ranar Kirsimeti. Don haka da na hau mota zuwa gida, ta Malumfashi da Funtuwa da Tsafe, a raina cewa nake yi shi ke nan, ba mai sake raba mu. Wanda ya dasa bam bai tambayi sunan kowa ba, mu ma mun daina tambaya.

Na yi kuskure, kuma abin da ya fi damuna shi ne ban iya nuna ranar da abin ya fara warwarewa ba. Kamar ɗinkin buhu ne, zare ɗaya ya saki, sai ka iso gida ka tarar rabin geron yana hanya.

Ni da Oga, haka nake kiransa, mun riƙe zumunci. Ya kira ni da Sallah, in kira shi da Kirsimeti. Mahaifiyata ta taɓa aika masa da kilishi da ƙullin daddawa. A Maris 2013 aka tayar da bam a tashar manyan motoci ta New Road a Sabon Gari, ya kira ni ya ce ya gaji, zai kwashe iyali ya koma Onitsha. Na ce Allah ya sa hakan ne alheri. Ban ce masa ya zauna ba. Da wane baki?

Sai 2014. A farkon Afrilu aka kashe ɗimbin mutane a 'Yargaladima, nan ƙasar Ɗansadau, mazauna garin suka ce sun haura ɗari. Ba a yi mako biyu ba aka tayar da bam a Nyanya, a daren ranar kuma aka kwashe 'yan mata 276 a Chibok. Duniya ta ɗauka, har matar shugaban Amurka ta riƙe allo. Ni kuma, Allah ya gani, abin da ya fara zo mini a zuciya shi ne: namu fa? Wa ya riƙe wa 'Yargaladima allo? Tambayar tana da gaskiya a cikinta, amma ku lura da abin da ta yi mini. Ta sa na fara auna gawa da gawa. Zaɓen 2015 yana matsowa, a majalisar shayi wasu na cewa gwamnati ce ke ɗaukar nauyin abin don a karya Arewa, a Kudu kuma ana cewa 'yan Arewa ne suka ƙirƙiro shi don su hana Jonathan sakat. Kowa ya samu labarin da zai sa ya daina jin zafin mutuwar wani. A shekarar nan wayarmu da Oga ta koma "ya iyali, ya kasuwa", minti ɗaya an kashe.

A 2017 wasu matasa suka zauna a Kaduna suka ba Inyamurai wa'adin barin Arewa kafin 1 ga Oktoba. Na ji a rediyo, raina ya ɓaci, amma ban ɗauki waya ba. Kunya ce ko ganda, ban sani ba.

Kar mu yi nisa ma. A nan Zamfara, ina Kirista ina Inyamuri a rigimarmu? Alƙibla ɗaya muke kallo. Amma yau idan aka ce an kashe mutum goma, kafin a ce innalillahi sai ka ji an tambaya: 'yan bindiga ne suka shiga ƙauye, ko 'yan sa-kai ne suka tare Fulani a kasuwa? Amsar ce za ta nuna ko za a yi jimami ko za a ce Allah ya ƙara. Bafulatanin da kakansa ya yi kiwon shanun kakanka, yau ba ya iya shigowa cin kasuwa, kai kuma ba ka iya zuwa gonarka. Na zauna a inda aka faɗi wannan "Allah ya ƙara", manya ne suka faɗa, kuma na yi shiru.

Ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka kwashe 'yan matan Jangebe, 279 aka sako bayan kwana huɗu. A watan Yuni aka shiga kwalejin tarayya ta Birnin Yauri, wasu yaran ba su dawo ba sai 2023. Na zauna ina jiran kiran Oga, bai kira ba, na ƙullace shi. A Satumban shekarar aka katse layukan waya a jihar nan baki ɗaya, sai mutum ya ƙetare iyaka kafin ya ji muryar ɗan uwansa, har na riƙa lallashin kaina cewa wataƙila a lokacin ya neme ni. Sai a Yunin 2022, da aka buɗe wa masu ibada wuta a cocin Katolika da ke Owo, ina kallon hotunan a wayar ɗana, na tuna mutumin nan ɗan Katolika ne, na tuna carbinsa a bayan tayoyi. Na ce bari in kira shi gobe. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, ni ko yatsa ban iya motsawa ba.

Da aka gayyace ni taron nan, makon jiya, na lalubo lambar. Har yanzu "Oga Mai Taya" ke rubuce. Na kira, wata yarinya ta ɗauka, ba ta jin Hausa, ta ce shekara biyu ke nan da ta sayi layin.

Na ga shugaban taro yana nuna mini agogo. Mai tambaya ya ɗaga hannu, a miƙa masa lasifika.