Fila a zane daban, fila a lissafi daban

Assalamu alaikum. Ɗalibai da abokan aiki, bari mu fara da abin da kowa ya sani, wato fila, ginshiƙin gini.

A wurin mai zanen gini da ke aiki a manhajar zane ta Revit, fila abu ce mai jiki: faɗi milimita 230, kauri 230, kankare ne da za a iya dafawa. Injiniya kuwa, da zarar ya buɗe manhajar lissafin ƙarfin gini irin ETABS ko STAAD.Pro, fila ta koma zare, layi ɗaya mai baki biyu. Bim, wato kankaren da ke kwance a kan filoli, shi ma haka. Manhajar lissafi mahaɗa take bi, inda wannan layi ya gamu da wancan, ta nan nauyi ke gangarawa har harsashi.

To, ga inda gizo ke saƙar. Mai zane yakan gusar da bim gefe don ya yi daidai da fuskar bango. A ido sun manne tsaf, amma tsakiyar bim ba ta taɓa tsakiyar fila ba. Idan aka kwashi aikin haka aka kai wajen lissafi, sai bim ya wuce fila bai sauke mata kaya ba. Wani lokaci manhajar takan yi gargaɗi. Wani lokaci kuma dakin, wato shimfiɗar kankaren bene, shi ne zai kwashe nauyin ya kai wasu filoli, sakamako ya fito ba ko tari. Wannan na biyun shi ke hana ni barci.

Za ku ce ai akwai IFC, tsarin fayil na musayar bayanan gini tsakanin manhajoji. Gaskiya ne, ƙungiyar buildingSMART ce ke kula da shi, kuma ya zama ma'aunin ISO 16739 a 2013. A cikinsa akwai gurbin mahaɗai da nauye-nauye, sai dai galibin fayilolin da ake turo mana siffar gini kawai suke ɗauke da ita. Shi ya sa aka fito da SAF, tsarin musayar bayanan lissafin gini, fayil ɗin Excel ne, kana iya buɗewa ka karanta kowace mahaɗa da idonka.

Wani matashi ya taɓa kawo min bene hawa huɗu. Fila ta tsakiya, wadda ya kamata ta fi kowa shan kaya, ita ce da mafi ƙarancin rodi. Na ce ya ɗauki biro, ya auna filin dakin da ke kanta, ya ninka da nauyi da yawan hawa. Amsarsa ta fi ta kwamfuta nesa ba kusa ba. Muka koma muka ja mahaɗa uku zuwa tsakiyar filar, muka sake lissafi, sai ga lambobin sun zo kusa da juna.